Neman shawara: da na rufe ido zan yi bimbini, sai ɗinkin mutane ya tsaya mini a gaba

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ni tela ce a nan Jos, kuma ina cikin Zumuntar Mata a majami'armu. Duk wanda ya san sana'armu ya san yadda Disamba take mana. Yanzu haka akwai ankon aure biyu a hannuna, ga kayan Kirsimeti na yara buhu guda, ga koyon waƙa Talata da Alhamis, ga mutanen gida a Pankshin sun zuba ido suna jiran shinkafa da mai. Sai goma na dare nake rufe shago, in an kawo wuta da tsakar dare kuma in tashi guga. An fi sati uku rabona da addu'ar da na san abin da na faɗa a cikinta. Baki ne kawai yake motsi.

'Yata da ke karatu a Abuja ta turo mini wani sauti ta WhatsApp, na minti 15. Wata baturiya ce take magana a hankali, kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa, tana cewa a rufe ido, a ja numfashi, mutum ya ga kansa a Baitalami kusa da komin dabbobi. Sau uku na gwada. Na farko barci ya sace ni. Na biyu ina tsakiyar Baitalami sai na tuna ban sayo zif a Terminus ba. Na uku tsoro ne ya kama ni, na ce anya wannan rufe ido da jan numfashi ba irin na masu yoga ba ne? Don Allah ku gaya mini, ya dace mai bi ya yi wannan? In ya dace, yaya ake yi hankali ya zauna wuri ɗaya?

Dattijo daga Jenta:
'Yata, sannu da aiki. Bimbini ba baƙo ba ne a gidanmu. A Joshuwa 1:8 an umarce shi ya riƙa tunani a kan Doka dare da rana, Zabura ta fari ma da wannan ta buɗe. Abin dubawa shi ne me ake zuba miki a zuciya bayan kin rufe idon. In ana ce miki ki share komai, ki bar kanki fanko, ban yarda da shi ba. In Maganar Allah ake ba ki ki tauna, to abincinmu ne. Ki sake sauraron matar nan, ki ji ko tana karanta aya, ko daɗin murya kawai take sayar miki. Ni dai wannan ƙirƙiro hoto a kai bai cika kwanta mini ba, na fi so a tsaya kan abin da aka rubuta.

Katikis, Bukuru:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan tsoma baki kan maganar hoton. Ba baturiyar ce ta fara ba. Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya koyar da shi tun ƙarni na 16, kuma a bimbininsa na haihuwar Yesu ya ce mutum ya ɗauki kansa ɗan ƙaramin bara a wurin, yana kallo, yana saurare, yana musu hidima. Labarin Luka ne dai, shiga cikinsa aka yi.

Amma Mama, ke da kanki ya cika, ina ganin wata hanyar za ta fi miki sauƙi. Mu Katolika muna ce mata lectio divina, wato karatu mai tsarki. Wani ɗan zuhudu mai suna Guigo ne ya tsara ta hawa huɗu a Faransa a ƙarni na 12: karatu, bimbini, addu'a, sai zama shiru a gaban Ubangiji. Ki ɗauki guntun wuri, kada ya wuce aya biyar. Misali Luka 2:15 zuwa 19. Ki karanta da murya sau ɗaya, a hankali. Ki sake karantawa, ki lura da kalmar da ta riƙe ki. Wataƙila inda aka ce Maryamu ta adana abubuwan nan tana juya su a zuciyarta. Ki tsaya nan, kada ki wuce. Ki maimaita ta kamar mai tsotsar alewa. Daga nan ki gaya wa Allah abin da ta tayar miki, ko da gunaguni ne. Sai ki yi shiru minti biyu. Duka-duka minti goma.

Ki kuma tuna wurin da Maryamu ta yi nata. Gari ya cika da 'yan ƙidaya, masauki babu, ga jego, ga makiyaya sun faɗo mata da dare. Ba ta jira gida ya yi tsit ba.

Tela 'yar'uwarki, Kabong:
Maman 'Yan Biyu, ni gaskiya zan faɗa miki, ko za ki ji haushi. Ciwonki ba na addu'a ba ne, na "kawo, zan yi ƙoƙari" ne. Kunya ce take kashe mu a sana'ar nan. Shekara uku ke nan ina manna takarda a ƙofar shago cewa daga 10 ga Disamba ba na karɓar sabon ɗinki, ko matar Rabaran ce. An yi fushi da ni shekarar farko, yanzu tun Nuwamba suke kawowa. Marta ma, da Yesu ya sauka a gidanta, ba don ta yi girki aka yi mata magana ba, don abubuwa sun yi mata yawa ne har ta kai ƙarar 'yar'uwarta wurin baƙon.

Maganar zif kuwa, ki ajiye takarda da biro kusa da ke. Ya faɗo miki, ki rubuta "zif", ki koma kan ayarki. Zuciya tana nanata abu ne don tana tsoron kada ki manta. Da ta ga an rubuta sai ta ƙyale ki.

Nas mai aikin dare:
Mama, barcin da ya ɗauke ki ba zunubi ba ne, bashi ne jiki ya karɓa. Iliya da ya gudu jeji a gajiye, mala'ika bai fara da wa'azi ba, abinci ya ba shi, ya sake kwanciya. Sai daga baya, a Dutsen Horeb, ya ji 'yar siririyar muryar nan. Kada ki yi a kwance, kada ki yi da dare. Ki yi da asuba a zaune, ƙafa a ƙasa, ki lulluɓa da bargo don kin san sanyin Jos a hunturu ba ya wasa. Jan numfashin kuma ba na addinin kowa ba ne. In mutum ya fitar da numfashi a hankali, ya ja shi ya fi na shaƙa tsawo, bugun zuciya yana sauka. Haka nake ce wa masu naƙuda.

Abu ɗaya zan ƙara, ba don ke kaɗai ba. Mu da muke Jos ranar 24 ga Disamba 2010, lokacin da bama-bamai suka tashi a Kabong da Angwan Rukuba, wasunmu shiru ba ya zuwa mana da sauƙi a wannan wata. Ni da na fara, ina rufe ido sai ƙirjina ya riƙa bugawa. Wanda ya ji haka ya buɗe idonsa, ya kalli shafin, ya karanta da murya. In abin ya ci gaba, ya sami fasto ko ma'aikacin lafiya su yi magana, kada ya ce rashin bangaskiya ne.

Ɗan Sabon Rai:
Mama, Turancin ma yana cikin abin da ke gajiyar da ke, kina bimbini kina fassara. Ki sa 'yarki ta karanta miki Zabura 131 da Hausa, aya uku ce kawai, ta ɗauka a waya, tana barin shiru na minti ɗaya bayan kowace aya. Akwai inda Dawuda ya kwatanta ransa da yaron da aka yaye, kwance a jikin uwarsa. Ke da kika yaye biyu lokaci ɗaya, wa zai koya miki wannan?

Dattijo daga Jenta:
Katikis, na ji. In dai baran bai fara sa wa Yusufu magana a baki ba, ba ni da ja.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau kwana huɗu ina tashi biyar saura kwata, kafin masu keke su fara hon. Luka 2 nake bi. Ranar farko abu tara na rubuta a takardar, ban san ko na yi shiru na rabin minti ba. Yau uku ne kawai. Abin mamaki, kalmar da ta riƙe ni ba ta Maryamu ba ce, inda aka ce an naɗe jaririn da tsumma ne. Na zauna ina tunanin wa ya yanka, wa ya wanke, har hawaye ya zo mini.

'Yar'uwata ta Kabong, na manna takardar jiya. Ko awa biyu ba a yi ba shugabar Zumunta ta shigo da leshi yadi biyar. Na karɓa. Amma na ce mata sai bayan sabuwar shekara, ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba, sannan ta ajiye ta tafi.