Masu jinyar zubar jini a ƙwaƙwalwa, wane magani ya yi muku aiki?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jijiya ta fashe wa Babanmu a ka, ɓarin dama ya shanye, magana da ƙyar. An sallamo mu, amma duk wanda ya zo dubiya da maganin da zai ce a saya, har da allurar citicoline mai tsada. Wanda ya taɓa irin wannan jinya ya faɗa mana gaskiya don Allah.

Abu Sadik: Allah ya ba shi lafiya. Mun saya wa Inna allurar nan har aljihu ya koka, ban ga canjin da zan rantse a kansa ba. Gashin ƙashi ne ya motsa hannunta. Kullum da safe sai a zuba mata wake a faranti ta riƙa tsinta da hannun da ya mutu, tana yi tana hawaye. Yanzu da shi take jan carbi.

Anti Nas: Na daɗe a ɗakin masu wannan ciwo, kuma tambayar iyalai ke nan kullum. Har yanzu ba a samu maganin da aka tabbatar yana gyara ƙwaƙwalwa bayan zubar jini ba, duk da ana ta nema. Jinin da ya kwanta yana sakin sinadarin ƙarfe mai lalata wurin da ke kewaye da shi, shi ya sa aka gwada deferoxamine mai kwashe ƙarfe a Amurka da Kanada. Sakamakon 2019 bai nuna amfanin da ake fata ba a wata uku. Tranexamic acid mai tsayar da jini, a gwajin 2018 kan mutum 2,325, ya ɗan rage yaɗuwar jinin amma bai rage naƙasa ba. Fluoxetine kuwa ya rage ciwon damuwa, sai dai karayar ƙashi ta ƙaru. Wanda ya faranta min rai shi ne binciken INTERACT3 na 2023, da asibitocin Najeriya a ciki: saukar da hawan jini cikin awa ɗaya, daidaita suga, kashe zazzaɓi da warware maganin tsinka jini sun sa an fi samun sauƙi. Duk abubuwa ne da muke da su a nan, in an kawo mara lafiya da wuri.

Ɗan Maraɗi: Mu wani mai kemis ne ya ba Kawu asfirin tun kafin a ɗauki hoton kai, alhali jini ne ke zuba. Likita ya ce hakan na iya ƙara ɓarna. Kada kowa ya ba da komai sai an yi hoto.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Anti, Baba ya fara ƙin shan maganin hawan jinin, wai ya gaji. Ya kuke lallashinsu?

Anti Nas: Ki sayi na'urar awo, ki bar shi ya ga lambar da idonsa safe da yamma. Kuma ki gaya wa likitansa; wani lokaci damuwa ce ke sa su ƙin magani, ita ma tana da nata.