Wai naitirait 2 ba komi ba ne a sabon akwatin kifi?

Ɗan Mabera: Salam jama'a. Kwana 12 ke nan da na haɗa akwariyom (akwatin kifi) na lita 100, da kifin ado goldfish 6. Yau na auna naitirait, gubar da kan taru a ruwan kifi, da kayan awo na kamfanin API, ɗigo 5, na jira minti 5, ruwan kwalbar da ya kamata shi tsaya shuɗi sai ya koma shunayya, a katin kaloli ya kai 2 (miligiram a lita). Mai shagon da na saya ya ce in bar shi, wai in na canza ruwa bakteriya masu cinye gubar ba za su zauna ba. Kuma ruwan garau yake wallahi.

Mai Tarwada: Gaskiya ya faɗa maka ƙanena. Shekara nawa muna kiwo a Kwalkwalawa ba mu taɓa auna komi ba. Ruwa in ya ɓaci hanci ka gaya maka.

Ɗaliba daga Arkilla: Baba da girmanka amma nan ban yarda ba. Naitirait ba shi da wari ba shi da kala, ruwa na iya zama kamar na gora kuma shina kashe kifi. Adadin da ba shi da illa sifili ne. Kashin kifi da ragowar abinci ka zama amoniya, bakteriya na farko su mai da ita naitirait, na biyu su mai da shi naitiret wanda da sauƙi, to na biyun ne ka jinkirin taruwa, shi ya sa a sati na biyu zuwa na uku yake hawa, duka aikin kan ɗauki sati 4 zuwa 6. Tunda akwai kifi ciki kar ka bari ya wuce 0.5, in da hali 0.25.

Mai Tarwada: To mu mi ya hana namu mutuwa?

Ɗaliba daga Arkilla: Baba tarwada tana hawowa ta shaƙi iska, ga ta da juriya, kuma ku kullum kuna sakin ruwa kuna zuba sabo, ai canjin ruwan ke nan. Ko ita ma yana taɓa ta.

Maman Yara: Ni abin ya faru da ni a watan Afrilu, lokacin da zafi ka wuce digiri 40. Injin iska na ta kumfa amma kifayen duk sun taru a sama suna buɗe baki suna rufewa, ɗaya ya laɓe bayan filta ya manne fukafukinsa. Da safe uku sunka mutu, ɗiyata ta ƙi karyawa don kuka. Na ɗaga murfin kunnen ɗaya, maimakon ja sai na ga ruwan ƙasa kamar cakulan. Ashe naitirait ta nan yake shiga jini, sai jinin shi kasa ɗaukar iskar oksijin, ga ruwan zafi dama iskarsa kaɗan ce. Don Allah kar ka kwana da 2.

Ɗan Mabera: Innalillahi. To Hajiya bakteriyan fa? Kada in zubar da su in koma farko.

Maman Yara: Ba cikin ruwa suke yawo ba, a sosan filta da tsakuwa suke maƙale. Cire rabi yanzu ya dawo 1, gobe da safe wani rabin ya dawo wajen 0.5, sai ka riƙa aunawa kullum. In ruwan famfo ne sa maganin kulorin tukuna, kuma kada ka wanke soso da shi, da ruwan akwatin za ka matse shi. Na tankin sama kuma taɓa da hannu, da rana tafasa yake kamar na shayi.

Mai Tarwada: Ni dai gishiri na sani. Ka watsa mishi hannu guda.

Ɗaliba daga Arkilla: Gishirin na yarda Baba, kuloraid ɗinsa na tare naitirait kada shi shiga jini, amma hannu guda ya yi yawa, wajen rabin ƙaramin cokali ya isa lita 100 a wannan adadin, a narka shi tukun. Kuma ba ya cire gubar daga ruwa. Yaya ka rage abinci, sau ɗaya a kwana biyu, kada ka ƙara kifi.

Mai Tarwada: Har yanzu ina ganin canza rabi zai gigita su. Kashi ɗaya cikin uku dai.

Ɗan Mabera: Rabi zan cire Baba, na ɗauko bokiti. Sai matsalar wuta, jiya filta ta yi awa 7 a tsaye. Wa ke da tsohon soson filta mai bakteriya ya sam mini?

Maman Yara: Aiko yaro bayan la'asar, zan yanko maka rabin nawa cikin leda da ruwansa. Kada shi bari ya bushe a hanya.