Motar lantarki a hannun baƙo a Legas: abin da kowa ya gani da idonsa

Mutumin Damagaram, mazaunin Ikeja

Assalamu alaikum. Aiki ne ya kawo ni Legas daga Nijar bisa yarjejeniyar shekara uku, kuma na riga na cinye rabinta. Wata takwas ke nan da na sayi Hyundai Kona mai amfani da lantarki a hannun wani da ya yi aiki da ita, irin wadda aka fara haɗawa a nan Legas tun ƙarshen 2020, mai batir da ke ɗaukar yunit 64 na wuta. Tsadar fetur ce ta tura ni, domin tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haye naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Na yi ta bincike a kan motar kafin in biya kuɗi, amma ban tambayi kowa inda za ta riƙa kwana ba, kuma a nan ne na sha wahala. Ina haya a bene hawa na ɗaya. A makon farko na sauko da doguwar waya ta tagar kicin na jona ƙaramar cajar da ta zo da motar, wadda ba ta jan abin da ya wuce kilowat biyu da 'yan kai, wato sai ta yi fiye da awa ashirin da biyar kafin ta cika batirin da ya yi ƙasa sosai. A dare na huɗu warin roba ya tashe maiɗakina, muka tarar soket ɗin bango ya yi baƙi, gefensa ya fara narkewa. Ma'aikacin wuta da na kira ya ce soket ɗin gida na firji da dutsen guga ne, ba a yi shi don ya yi dare guda yana ɗauke da wannan nauyi ba. Ya kuma gano cewa wayar kariya da ake binnewa a ƙasa ta tsinke tun da daɗewa, shi ya sa cajar take yawan katsewa.

Mai gidan ya ƙi yarda a kafa caja a bango, don yana tsoron gobara da ƙorafin sauran 'yan haya. Sai bayan mako shida muka daidaita: na jawo waya mai kauri daga mitata kai tsaye, na biya aikin duka, kuma na sa hannu cewa zan bar masa wayar ranar da zan tashi. Yanzu cajar kilowat 7 tana cika motar cikin awa tara zuwa goma. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan mota a garin nan ya faɗi abin da ya same shi.

Direba, mazaunin Obalende

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ba ni da tawa, amma shekara biyu ke nan ina tuƙa ta maigidana, wani baƙo da ke zaune a Ikoyi, bayan na yi shekara ashirin ina tuƙa masu shan fetur. Zan faɗi alherinta tukuna. Wanda ya san gadar Third Mainland da ƙarfe shida na yamma, kusan kilomita goma sha biyu na tafiyar hawainiya, ya san yadda allurar mai take sauka alhali mutum bai je ko'ina ba. Wannan kuwa idan ta tsaya, na'urar sanyaya ɗaki ce kawai take cin wuta, kuma duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mayar da wani abu cikin batir, har birki ma ba na yawan taka shi. Babu juye, babu fulogi, babu salansa, bakaniken da muke zuwa wurinsa har ya tambaye ni ko mun yi faɗa ne.

Rashin ƙararta ya kusa jawo mini magana a Obalende, ranar da wata mai tallar biredi ta ja da baya ta jingina da gaban motar ba tare da ta san tana tafiya ba. Tun daga ranar hannuna ba ya nisa da oda a cikin kasuwa.

Matsalarmu ta caji daban ce da taka. Masu kula da rukunin gidajen sun hana a jona mota idan janareta ne yake aiki, saboda kuɗin man gas na kowa da kowa ne, don haka ni ne nake zaman jiran a kawo wuta in jona, wani lokaci da ƙarfe biyun dare. Da damina kuma, musamman Yuni da Yuli, ba na shiga ruwan da ya kwanta a Lekki idan ya kusa rabin taya, domin batirin a shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar, kuma ruwa ba ya nuna ramin da ke cikinsa.

Ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou, Alaba Rago

Malam na Damagaram, ka yi sa'a da ka sayi wadda aka riga aka yi wa rajista a nan. Ni da kaina na sayo tawa a China, don na ga farashinta a can ya yi sauƙi ƙwarai, sai da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can na fara sanin abin da ban sani ba. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin China bakin cajinta na tsarin GB/T ne, ta Turai CCS2, ta Amurka kuma CCS1 ko na Tesla, tsofaffin motocin Japan kuma CHAdeMO. Ranar farko da na je wurin caji mai sauri a Victoria Island, na tsaya riƙe da kan waya kamar wanda ya zo da makullin wani gida, ya ƙi shiga. Sai da na yi odar mahaɗi mai tsada daga can, shi ma wata na'urar takan karɓe shi, wata ta ƙi.

Allon gaban motar da rubutun China ya zo, wani yaro a Computer Village ya mayar da rabinsa Turanci, sauran na haddace wurarensu da yatsa. Manhajar da ake buɗe motar da ita ta waya tana neman lambar China, garantin kuma ya tsaya a ƙasar da aka sayar da ita. Lokacin da wata danfo ta fasa mini fitilar gaba, na zagaye kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo layi-layi ban samu ba, na yi mako bakwai ina jiran ta iso.

Game da kuɗin fito, gwamnati ta sanar a watan Oktoba na 2024 cewa an cire harajin VAT a kan motocin lantarki, amma wannan bai ɗauke kuɗin jirgi da na tasha da na ejan ba, kuma nawa ejan ya yi mini lissafi biyu mabambanta cikin mako guda. Duk da haka ban yi nadama ba. Batirina irin LFP ne, wanda ake iya cika shi tam ba tare da fargaba ba, saɓanin wasu da ake shawartar a tsaya a kashi 80 cikin ɗari. Ga masu duba tokumbo kuma, a nemi a ga lafiyar batir a kwamfuta kafin ciniki, ba lambar kilomita kawai ba, musamman tsofaffin Nissan Leaf da batirinsu ba shi da ruwan sanyaya shi, ga kuma zafin ƙasarmu.

Ma'aikaciyar jinya da ta dawo daga Ingila, Agege

Alhaji, abin da ka faɗa game da sayowa daga waje ya tuna mini da nawa. Na yi shekara huɗu da motar lantarki a Manchester, na yi niyyar tahowa da ita, sai yayana ya tunatar da ni cewa sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, kuma ba a yarda da shigo da mota mai sitiyarin dama ba. Dole na sayar da ita a can, na sayi wata a nan.

Ina so in yi gyara ga masu cewa caji araha ne ga kowa. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa ashirin a rana. Ko a wannan farashi, motar da take cin yunit 16 a kilomita 100 kuɗinta naira 3,600 ne, wanda bai kai rabin kuɗin lita goma ta fetur ba. Amma wannan lissafin na wanda wuta take zama a layinsa ne. Unguwarmu ba ta cikin wannan rukuni, kuma idan an kawo wutar da yamma takan zo da rauni har cajar ta ƙi kamawa. Na ƙara faifan sola a rufin gidanmu, ina jona motar da tsakar rana a ranakun da nake aikin dare, kuma abin da nake samu yana isata zuwa asibiti da dawowa, sai dai a watan Yuli da hadari yake rufe rana. Na iya yin haka ne don gidan na mahaifinmu ne, ɗan haya ba zai zuba wannan kuɗi a rufin wani ba.

Mai sayar da kayan gwari, Mile 12

Hajiya ta yi gaskiya. Ni na yi wata biyar da motar lantarki na sayar. Zuwa Ibadan da dawowa, kilomita 130 kowane ɓangare, tana yi idan na cika ta kuma ban yi gudu sosai ba. Amma ni Kano nake yin kowace Sallah da iyalina, tafiyar kusan kilomita dubu, kuma ban yarda in tsaya da yara a tsakanin Jebba da Mokwa ina neman wanda zai ara mini soket ba. Na san hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci ta kafa wuraren caji masu amfani da sola a 2021 a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Legas, amma waɗannan a cikin makarantu suke, ni kuwa a bakin hanya nake bukata. Ba ni da halin riƙe mota biyu, sai na zaɓi wadda za ta kai ni gida.

Mutumin Damagaram, mazaunin Ikeja

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Alhaji na Mile 12, maganarka ta taɓa abin da nake ta juyawa a raina, domin hanyar da ta gagare ka zuwa Kano ita ce hanyata, ni kuma sai na ƙara wajen kilomita 240 daga Kano kafin in isa Damagaram. Idan aikina ya ƙare, ko dai in ɗora motar a kan tirela, ko in sayar da ita a nan. Na gwada kai ta wurin dillalai biyu a Berger don in ji farashi, na farko ya zagaya ta sau biyu yana neman salansa, na biyun ya ce zai karɓa amma ba zai biya ba sai ya sami mai saye, kuma duk wanda ya kawo sai ya fara tambayarsa ko gidan kansa yake zaune. Abin mamaki, wanda ya fi nuna sha'awarta yanzu shi ne mai gidan da ya hana ni kafa caja, tunda wayar tana jikin bangonsa kuma za ta zama tasa. Jiya da safe na tarar da shi a tsugune yana karanta mitar, ya tambaye ni yunit nawa ta sha cikin dare, na ce 31, ya ciro biro ya rubuta a bayan katin wutarsa.