Masu zama da 'yan Latin: kun ga yadda salon waƙarsu na reggaeton ke tayar musu da son gida?

Direban Bronx:
Salamu alaikum jama'a. Tasi nake ja a New York, fasinjojina da yawa 'yan Puwato Riko ne. Abin da ke burge ni da mawaƙansu, ba sa tsayawa ga sunan ƙasa, sai sun kira unguwa. Daddy Yankee a Villa Kennedy ya tashi, gidajen gwamnati na talakawa a San Juan, babban birninsu, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ranar faretinsu na watan Yuni na ɗauko wani dattijo da jikarsa, waƙar Bad Bunny ta shigo rediyo. Sai ya dafa kafaɗata ya ce in ƙara sauti, wai yaron ɗan Vega Baja ne, garin marigayiyar matarsa. Har na sauke su idonsa bai bushe ba. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Maman Hanif:
Ni, Yaya. Gidan kula da tsofaffi nake aiki, abokiyar aikina can aka haife ta. A 2025 da Bad Bunny ya kafa dandali a San Juan, darare tara na farko mazauna tsibirin kaɗai aka sayar wa tikiti. Ita da ke zaune nan ba ta ciki. Na ɗauka za ta ji zafi, sai ta ce wallahi ya yi daidai, waɗanda suka yi watanni babu wuta bayan guguwar Mariya ta 2017 su ya kamata su fara shiga. Ta yi ta karɓar aikin dare har ta haɗa kuɗin jirgi, ta je na baya. Da ta dawo da malafar kaba irin ta manomansu ta shigo aiki, tsofaffi biyu 'yan ƙasarsu suka yi ta karɓa suna ɗorawa a kai.

Ɗalibi a Madrid:
Abokin ɗakina ɗan Medellin ne a Kolombiya. Ya ce da can duk wanda ya ji garinsu sai ya ambaci Escobar, ƙasurgumin dillalin miyagun ƙwayoyi, abin ya ishe shi. Yanzu mawaƙan garin, J Balvin, Maluma da Karol G, ake fara kira masa. Da waƙar Provenza ta Karol G ta tashi, taswira ya buɗe mini ya nuna unguwar da ke da wannan suna. Kada dai ka ce gabansa daga Panama reggaeton ya samo tushe, sai ku kwana kuna musu.

Baban Zango:
Ban ƙi taku ba, amma batsar da ke cikin wasu ta yi yawa. Maƙwabcina ya fassara mini ɗaya, tun ranar na hana kunnawa a shagona.

Maman Hanif:
Gaskiyarka Baba, ni ma zaɓa nake yi. Ka ce ya fassara maka waƙar Bad Bunny ta El Apagón daga inda ake maganar ɗauke wuta, sauran kuma ka tsallake.