Kallon tsuntsaye a Kazakistan: wane lokaci ne ya fi, kuma ina ya kamata a nufa?

Baƙon Astana:
Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Astana, babban birnin Kazakistan, na tsawon shekara guda, kuma kallon tsuntsayen daji shi ne abin da nake ɗebe kewa da shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar ba ta da teku, kuma hotunanta da na gani fili ne fetal na ciyawa wanda babu ko bishiyar da tsuntsu zai sauka a kai. Shin akwai abin gani da ya cancanci in ɗauki tabaron hangen nesa, ko kuwa in bar shi a gida?

Dattijon Fadama:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ɗauki tabaronka, domin rashin teku bai hana ƙasar samun ruwa ba. Kimanin kilomita 130 kudu maso yammacin Astana akwai gandun Korgalzhin, inda tafkuna masu ruwan daɗi suke maƙwabtaka da babban tafkin gishiri na Tengiz, kuma tun 2008 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren gado na duniya. A tsibiran Tengiz ne filamingo, wasu tsuntsayen ruwa masu dogon wuya da dogayen ƙafafu, suke yin sheƙa, kuma babu inda suke hayayyafa da ya kai nan nisa zuwa arewa. Za ka ga kwasakwasa da agwagin ruwa da wani jinsin gauraka mai launin toka, wanda farin gashi yake zubowa daga bayan idanunsa.

Lokacin zuwa shi ne watan Mayu zuwa farkon Yuni. A hunturu tafkunan ƙanƙara suke zama, yawancin tsuntsayen kuma sun yi ƙaura. Shiga tsakiyar gandun sai da izini, saboda haka ka nemi ɗan jagora tun kafin ka taso.

Mai Bin Sawu:
Dattijo ya faɗi gaskiya, sai dai ina da ƙari, domin kuskuren da na yi a zuwana na farko shi ne zaton cewa tsuntsun da ya fi wuyar gani yana can inda babu mutane. Na yi kwana biyu ina ratsa dogayen ciyayi ina neman wani ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa, wanda masana suke kira Vanellus gregarius, ban gan shi ba. A rana ta uku ɗan jagora ya tsayar da mota a bakin wani ƙauye, wurin da shanu da tumaki suka cinye ciyawa har ƙasa ta bayyana, ya nuna mini mace tana kwance a kan ƙwai a tsakanin busasshen kashin shanu, launinta ya saje da ƙasar har sai da ta motsa kai na gane ta.

Dalili kuwa shi ne, tsuntsun yana son gajeriyar ciyawa domin ya hango maƙiyi daga nesa, kuma a yau dabbobin kiwo ne suke gyara masa irin wannan fili, ko da yake su ne kuma sukan tattake ƙwan. Yana cikin jinsunan da suke gab da ƙarewa a duniya. Waɗanda aka maƙala wa na'urar bin sawu an ga sun bi ta Turkiyya da Siriya har Sudan, kuma mafarauta a kan wannan hanya suna cikin manyan abubuwan da suke rage yawansa. Idan ka samu sheƙa, kada ka sauka daga mota.

Uwar Gauraka:
Ɗan'uwa, ka riƙa duban turakun wutar lantarki, tun da su ne suke maye gurbin bishiyoyi. A kansu gaggafar fili take zama tana dakon kurege, kuma abin takaici, a nan ne wuta take kashe da yawa daga cikinsu. Idan kaka ta yi, ka gangara kudu zuwa mashigin Chokpak, inda tsuntsaye masu ƙaura suke matsewa tsakanin duwatsu biyu, kuma masana suke sanya musu zobe a ƙafa tun 1966. Ka tafi da rigar sanyi ko da a watan Mayu ne, domin iskar filin ba ta da abin da zai tare ta.