Neman shawara: ƙasan keken dokina yana rawa, walda ta tsage sau uku

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da keken doki mai ƙafa biyu, da shi nake dako daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, sauran kwanaki kuma in kai taki gona ko in ɗebo ruwa. Firam ɗin na ƙarfen angul ne, wato mai siffar L, aksil ɗin kuma, wato ƙarfen da tayoyi suke juyawa a kai, na tsohuwar Fijo ne, an manna shi da walda a jikin firam. Tun bayan damina nake jin keken yana lanƙwasa a ƙarƙashina in na sha kwana, kamar gadon da ƙafarsa ta saki. Cikin sandunan ja biyu da ake ɗaura dokin a tsakaninsu, inda ta dama ta haɗu da firam ya tsage, na kai an liƙe, ya sake tsagewa, yanzu sau uku ke nan, kuma kullum tsagar a gefen tsohuwar waldar take fitowa. Tayar hagu ma ta fara cinyewa ta ciki. Abin da ya fi damuna shi ne dokin, ya fara jin ciwo a kafaɗa ɗaya, gashin wurin ya zube. Nakan ɗora buhu shida na gero, mai tiya arba'in. Wani ya ce in sa a ƙara ƙarfe mai kauri a ko'ina a ƙasan. Kafin in kashe kuɗi ina son jin ta bakin waɗanda suka san aikin. Allah Ya saka da alheri.

Mai Walda Haɗejia:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kada ka sayi ƙarfe tukuna. Ka fara nemo igiya. Ka ajiye keken a wuri mai baje, ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka ƙulla alama, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ɗinka ya karkace, kuma daga bayaninka na tabbata haka za ka tarar. Cinyewar taya ta gefe ɗaya da ciwon kafaɗa ɗaya duk daga nan suke: keken yana tafiya a kaikaice, dokin yana jan sa da ɓari guda.

Ƙarfe huɗu da aka haɗa kamar ƙofa ba sa riƙe kansu, komai kaurinsu. Ka dubi ƙyauren langa-langa, in babu ƙarfen da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa, cikin wata biyu zai fara jan ƙasa. Uku su ne ba sa motsi, wato alwatika. Saboda haka abin da kekenka yake buƙata tokara ce a gicciye. Bayan an miƙe firam ɗin har igiyoyin nan biyu sun daidaita, a sa angul biyu a ƙasa su gitta juna, ko a sa gajeru huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Angul mai inci ɗaya da rabi ya wadatar. Mai kauri nauyi kawai zai ƙara wa dabba.

Zancen tsagar nan kuwa, laifin yadda ake liƙe ta ne. Ana zuba walda a kan tsaga a rufe ta, alhali bakinta yana nan a ciki yana ci gaba da tafiya. Ka ce wa mai aikin ya nemo inda tsagar ta ƙare, ya huda ƙaramin rami a nan don ta tsaya, ya goge tsagar ta buɗe kamar kwari, sannan ya cike. Bayan haka ya ɗora ƙarfe mai faɗi mai kusurwa uku ya haɗe sandar da firam. Kuma ya ja waldarsa a tsawon ƙarfen. In ya yanka ta a gicciye a saman sandar, ya yi mata wurin karyewa da hannunsa.

Abu Fatima:
Ni dai a ganina a canja firam ɗin gaba ɗaya da ƙarfen canel irin na tirela, a huta. Nawa na shanu haka na yi, shekara biyar ban koma wurin mai walda ba.

Mai Walda Haɗejia:
Malam Abu Fatima, naka bijimai biyu ne suke ja, kuma a wuya suke ɗauka. Nasa doki ɗaya ne. Duk kilon da aka ƙara wa keken an rage shi ne daga kayan da zai ɗauka, kuma a bayan dokin zai sauka.

Baban Sadiya:
Yaro, ni na fi shekara talatin ina wannan sana'a, da jaki na fara. Abin da mai walda ya faɗa gaskiya ne, amma akwai inda bai taɓo ba. Buhu shida mai tiya arba'in ya kai kilo 600, ban da nauyin keken, ban da kai kanka da kake zaune. A kan kwalta doki mai ƙoshi zai ja. To hanyoyin ƙauyukanku na sani, rairayi ne. In taya ta nutse a yashi, doki ba ya ja a hankali, fizga yake yi, kuma fizgar nan a mahaɗar sandar take sauka, daidai inda naka yake tsagewa. Ka koma buhu huɗu in za ka bi yashi, ko ka yi sahu biyu.

Sai lodin kansa. Keke mai ƙafa biyu kamar sikeli yake a kan aksil. In ka gama lodi, kafin ka ɗaura dokin, ka kama sandunan biyu ka ɗaga. Ya kamata ka ji nauyi a hannunka, amma wanda za ka iya riƙewa kana magana. In ba ka iya ɗagawa, kaya sun yi gaba, bayan dokin ne zai biya. In kuma sandunan suna neman tashi sama da kai, kaya sun yi baya, majayi zai riƙa ɗaga cikin dabbar, ƙafarta ba za ta kama ƙasa ba. Na taɓa ganin jakin da lodi ya ɗaga sama, ƙafafunsa na gaba suna lilo, mai shi yana kuka yana sauke buhuna. Ban manta idon dabbar nan ba har yau.

Dokin kuma ka hutar da shi sai wurin ya warke ya yi gashi. Kada ka ce za ka sa tsumma ka ci gaba. Ka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ka kira malamin dabbobi ya duba. Abin ƙirjin da yake ja da shi ya zama mai faɗi, mai laushi, ba igiyar roba ba.

Ɗan Gumel:
Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Na auna yanzu da igiya kamar yadda aka ce, bambancin ya kai yatsa huɗu. Na kuma leƙa ƙasan da tocila, na ga wata jar ƙura kamar garin barkono a inda aksil ya haɗu da firam ta hagu. Mece ce ita?

Ɗan Magarya:
Wannan jar ƙura tsatsa ce da ƙarfe biyu suke niƙawa in suna gugar juna. Ma'ana waldar aksil ɗinka ta saki a wannan gefe, ko da ido bai ga tsagar ba. Kada ka sake fita da kaya sai an gyara.

Mu nan Nijar sharet muke ce masa, kuma tun zamanin da masana'antu irin su UCOMA ta Damagaram da ACREMA ta Tawa suka yawaita su a karkara, kowa ya san awon: ta jaki kilo 500, ta shanu tan guda. Abin da nake so ka lura da shi a sharet mai kyau shi ne yadda ake kama aksil. Masu ƙira na ƙwarai ba sa manna shi da walda. Ƙarfe ne mai siffar U yake rungumar aksil ɗin, ya ratsa farantin ƙarfe, a ɗaure da noti, biyu a kowane gefe. Dalili biyu ne. Ƙarfen aksil na mota ba irin na angul ba ne, zafin walda yana sa gefen wurin ya yi tauri ya riƙa tsagewa. Na biyu, in aksil ya kauce, noti za ka kwance ka daidaita shi, ba sai an yanka ba. Wasu suna sa guntun tsohuwar taya ko katako mai tauri tsakanin aksil da firam, yana shanye bugun hanya. In katako ne ka nemi marke ko ƙirya, ka shafe shi da baƙin mai saboda gara.

In an zo ɗaurawa, a auna daga bakin kowace sandar ja zuwa tsakiyar tayar gefenta. Dole awon ya zo daidai. Sannan a sa tokara biyu daga kusa da kowace taya su tashi zuwa gaban firam, don in taya ta daki dutse kada aksil ya ja baya. Ka sa noti biyu-biyu a kan kowane ƙarfe, ka sake ɗaure su bayan tafiyar farko da ta biyu, domin sukan saki kafin su zauna.

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum daga Sudan. A nan karo muke kiransa, kuma na doki da yawa mai ƙafa huɗu ne. Ina so in ja kunnen duk mai irin wannan da yake karanta maganar tokara, kada ya kwashi shawarar mai ƙafa biyu ya kai kan nasa kai tsaye. Mai ƙafa huɗu dole ya ɗan murɗa. In tayar gaba ta hau tudu ta baya tana rami, firam ɗin da aka ɗaure tam ko'ina zai ɗaga taya ɗaya sama, ko ya tsage a kusurwa. Tsofaffin kekunan kaya na Turai da Amurka ma da haka aka ƙera su: doguwar sanda ɗaya ce take haɗa aksil na gaba da na baya, sai wasu itatuwa biyu su taso daga aksil na baya su kama ta daga dama da hagu, gaban kuma yana juyawa a kan ƙusa guda babba. Ƙasan ya tsaya a saiti, amma yana da wurin numfashi. Abin da muke yawan dubawa a namu shi ne wannan ƙusa ta tsakiya da farantin da gaban yake juyawa a kai, su sha giris, kuma a canja ƙusar in ta sirance.

Naka mai ƙafa biyu ne, ɗan uwa, don haka tokare shi da kyau ba zai cutar ba. Amma tunda babu sifirin, iskar taya ce kaɗai sifirin ɗinka. Kada ka bari mai faci ya cika ta ta yi tauri kamar dutse.

Mai Walda Haɗejia:
Abu ɗaya na manta. Tunda za a sauke aksil, a buɗe boris ɗin ƙafafun biyu a wanke da kananzir, a duba, a cika giris. Ka ɗaga tayar ka girgiza ta da hannu biyu, in tana ƙwas-ƙwas boris ya tafi, kuma shi kaɗai ma yana iya cinye taya. A yi aikin bi da bi: a sauke aksil, a miƙe firam, a gyara tsaga, a sa tokara, sai a mayar da aksil a ƙarshe. In aka sa tokara kafin a miƙe, an kulle karkatar ke nan har abada.

Ɗan Gumel:
Allah Ya biya ku duka. Na nuna wa mai waldar garinmu bayananku, ya ce ƙarfen U ɗin sai an nemo a wurin masu kayan tsofaffin motoci, gobe zan shiga Gumel in duba. Wannan Alhamis ɗin maƙwabcina zai kai mini kayan da keken shanunsa. Dokin na kwance shi a inuwa, malamin dabbobi ya zo ya ba da maganin shafawa. Baba, in wurin ya yi gashi, da buhu nawa zan fara gwada shi?

Baban Sadiya:
Ka fara da keken babu komai, kwana biyu, ka zagaya gari kana kallon kafaɗar. In ba ta yi zafi ba, sai ka sa buhu biyu.