Tafiyar ƙafa a kan tudun Larzac: wa ya taɓa yi?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan Damagaram ne, shekarata ta biyu ke nan ina karatu a Montpellier, a kudancin Faransa. Kullum in na bi babbar hanyar A75 zuwa Millau, mota na gama hawan nan na bayan Lodève sai tudun Larzac ya buɗe: fili fetal, duwatsu farare, ciyawa gajera, tumaki can nesa. Raina ya biya in taka wurin da ƙafata. Ina so in yi kwana uku a hutun Afrilu, in ga tsofaffin garuruwan nan masu ganuwa. Abin da ke damuna uku ne: ruwa, karnukan makiyaya, da abin da zan ci. Wanda ya san wurin ya taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Baban Hauwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi wannan tafiya sau biyu, ta farko ni kaɗai, ta biyu da babban ɗana. Ka yi daidai da ka sa ruwa a gaba, domin duk rayuwar tudun nan a kansa take.

Dutsen wurin irin wanda ake haƙa a Malbaza ne ana yin siminti, kuma yana shanye ruwa kamar rariya. Ana ruwan sama sosai, amma da ya sauka sai ya zurare ta tsagogi ya shige ƙarƙashin ƙasa, ba ya sake fitowa sai can gindin tudu a cikin kwazazzabai. Kana iya wuni kana tafiya a sama ba ka ga ko ɗan rafi ba. A tafiyata ta farko lita ɗaya da rabi na ɗauka, ina ganin ai ƙasar Turawa ce, ko'ina da famfo. Kafin la'asar gorata ta bushe ƙaf, ƙauyen da na iske kuma gidaje biyar ne, duk a rufe. Wata tsohuwa mai ba kaji abinci ce ta cika mini gora daga kicin ɗinta, ta tsaya sai da ta ga na sha na ƙoshi sannan ta sake cikawa. Tun daga ranar ba na tashi da ƙasa da lita uku, kuma duk garin da na shiga sai na cika ko da gorar ba ta yi rabi ba.

Shawarata ka sauka bas a Le Caylar, ka taka zuwa La Couvertoirade, ba ta kai awa biyu ba. Kafin ka shiga ƙofar gari ka nemi tafkin tumakin da ke bayan ganuwa, abin da suke kira lavogne. Rami ne mai faɗi kamar ƙwarya, an daɓe gindinsa da yumɓu don kada ruwa ya tsiyaye, an shimfiɗe shi da duwatsu har baki don kada kofato ya farfasa daɓen. Na zauna a bakinsa wajen magariba garke ya sauko. Tumakin suka kewaye shi, kowace ta sa ƙafafun gaba a kan gangaren, ƙararrawar wuyansu ta yi shiru gaba ɗaya, ba ka jin komai sai zuƙar ruwa. Ni da na tashi ina bin shanun kawuna zuwa mashaya a ƙasar Dakoro, wallahi sai da idona ya cika. Amma na dabbobi ne, kada ka sha.

Ka lura da gidajen ma. Rufinsu falalen dutse ne, kuma da can kowane gida yana tara ruwan rufinsa a rijiyar da aka gina masa, tunda ba a samun na ƙasa. Itace ma ya yi ƙaranci, shi ya sa ɗakin tumakin da suke kira jasse ake ɗaura masa baka da dutse zalla.

Daga nan ka bi alamar ja da fari ta hanyar masu tafiyar ƙafa mai suna GR 71 da rassanta, za ta kai ka La Cavalerie da Sainte-Eulalie-de-Cernon. Kusa da La Cavalerie akwai barikin soja, in ka ga allon hani kada ka tsallake. In da sauran ƙarfi ka ƙarasa Viala-du-Pas-de-Jaux ka hau hasumiyar, tsawonta ya kai mita 27, an gina ta a ƙarni na 15 don ajiye hatsi da fakewar mutane in mahara sun zo.

Karnuka kuwa, manyan fararen nan da suke kira patou aikinsu suke yi. In ka hango garke ka kewaye shi da nisa. In kare ya taso ka tsaya cak, kada ka gudu, kada ka ɗaga sanda, kada ka zuba masa ido. Zai shinshina ka ya koma. Afrilu kuma da sanyi, tsayin tudun yana tsakanin mita 600 da 900, iska ba abin da ke tare ta. Da ni ne da na jira ƙarshen Mayu.

Maman Iman:

Ƙanena, kan abinci ka shirya tun daga Montpellier. Naman alade ya yi yawa a girkinsu, har cikin miya da wake, to ka riƙa tambaya kafin a zuba maka. In ka kama masauki ka gaya musu tun a waya, mu dai duk inda muka kwana sun soya mana ƙwai da dankali ba tare da ɓata rai ba. Ka riƙe dabino, gyaɗa, kifin gwangwani da burodi, don shagunan ƙauye kan rufe da rana, wasu ƙauyukan ma babu shago sam.

Cuku kam za ka ci ka more. Nonon tumakin da za ka gani, irin Lacaune, shi ake kaiwa Roquefort a yi cukun nan mai shuɗin tsaki-tsaki da ake nunar da shi a kogunan dutsen Combalou. Da ƙyar na iya haɗiye shi ran farko, yanzu ni ke nemansa. A ƙofofin gidaje za ka ga an kafa wata busasshiyar ƙaya mai kama da rana, cardabelle, wadda ke tsukewa in iska ta yi laima. An hana tsinke ta a daji, ka kalla kawai.

Abu Sumayya:

Ni abin da nake so ka sani kafin ka je, garuruwan nan na mayaƙan salibi ne. Ƙungiyar Templiers ta kafu a Sainte-Eulalie tun tsakiyar ƙarni na 12, kuma ulu da hatsin Larzac na cikin abin da ya ciyar da yaƙinsu a ƙasar Sham. Bayan da Fafaroma ya rushe su a 1312 dukiyar ta koma hannun wata ƙungiyar mayaƙan salibin, Hospitaliers. Ban ce kada ka je ba, amma ka je da saninka. Batun salla da sauƙi, matafiyi ne kai, in ruwa ya yi ƙaranci ga dutse ko'ina na taimama.

Baban Hauwa:

Gaskiya ka faɗa Malam, kuma na gaya wa ɗana haka muna tsaye a cocin Sainte-Eulalie. Sai dai ganuwar da ake gani yau Hospitaliers ne suka gina ta a ƙarni na 15, don kare manoma da dabbobinsu daga 'yan fashin da suka addabi ƙasar lokacin dogon yaƙin Faransa da Ingila. Ni makiyayan ne suka fi tsaya mini a rai. A 1971 gwamnati ta ce za ta faɗaɗa barikin daga hekta 3,000 zuwa 17,000. Manoma 103 suka yi rantsuwa ba wanda zai sayar ko ya tashi. A 1972 suka ɗauki tumaki har Paris suka sake su a gindin hasumiyar Eiffel. Shekara goma suna wannan fama ba su ɗauki makami ba, har shugaban ƙasa Mitterrand ya soke shirin a 1981. Burtalinsu, da suke kira draille, har yau yana nan da katangar dutse hagu da dama, kuma a 2011 UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya saboda kiwon. Burtalin da na bi ina yaro kuwa, na koma gida bara na tarar gero ya cinye rabinsa.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai yaya, na gode Hajiya, na gode Malam. Na ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Mayu bayan jarabawa, na kuma sayi gora ta biyu. Yaya, masaukin da kuka kwana a La Couvertoirade cikin ganuwa yake ko waje? Ina so in kasance kusa da tafkin lokacin da garken zai sauko.